Raɗar Ɗelu

Ruwayoyi biyu ne suka iso gare ni game da barin aikin Dakta Maitama. Na dogara da ta ɗalibarsa Hasna, domin ba ta da gaba da kowa, kuma ta ga mafi yawan abin da idonta.

Dakta yana koyar da nazarin fim a wata kwaleji a unguwar Setapak, can ƙasar waje. Duk Asabar bayan la'asar ɗalibai kan taru a falonsa, a sauke labule, a kunna tsofaffin finafinai marasa launi, masu cike da inuwa da hayaƙin sigari da macen da ke kai namiji kabari tana murmushi. Matarsa Ɗelu kan zauna a gefensa, bakinta a kunnensa daga farko har ƙarshe. Sai ta numfasa yake tsayar da fim, ya yi sharhin da babu kamarsa.

Mansur, ɗalibinsa mafi hazaƙa, shi ya fara lura. Wayar Dakta a jakar Ɗelu take. Ita ke ba shi magani. Ko jirgin ƙasa ba ya hawa sai tana riƙe da hannunsa, har ƙofar aji.

"Wallahi matar fim ɗin jiya ce sak," in ji Mansur a shagon mamak, inda ɗalibai ke shan shayi. "Ta tsare Malam fa. Shi ya koya mana karanta alama, sai mu yi shiru?"

Don ƙaunar malaminsa Mansur ya kai ƙarar Ɗelu kwaleji. Kwaleji ta kira Dakta, ta ce ya shigo shi kaɗai. Ɗelu ta tsaya a baranda tana roƙo, ba a saurare ta ba. A ciki aka miƙa masa takardar ƙorafin, aka nemi ya karanta ya ba da amsa. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya ajiye, ya ce ya bar aiki. Izinin zamansa a ƙasar ya tafi tare da aikin.

Asabar ta ƙarshe, kaya a ɗaure, aka sa fim ɗin da ya fi so. Wannan karon Ɗelu ba ta rage murya ba.

"Abban Ulfa, jarumin ya tsaya a bakin taga. Rabin fuskarsa a duhu."

Mansur ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba.

Waɗanda suka halarta su ne ɗalibansa Hasna, Mansur, Afnan da Zahraddeen, sai Dakta Maitama, da Ɗelu, wadda take faɗa masa abin da ke kan allo tun shekarar da ciwon suga ya ɗauke masa gani.