Mai Rabon Ruwa da Surukinsa

Auta, tun da aka ba ka shugabancin ƙungiyar nan taku ta maɗinka, kullum sai ka zo mini da ƙorafin mutum ɗaya, kullum kuma da na ce ka yi masa magana sai ka ce kana jin nauyinsa. Na gaji da jin wannan nauyin. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wasu masu lambun albasa a wata fadama, ruwansu daga magudana ɗaya yake zuwa. Suka zaɓi mutum guda mai tsoron Allah suka ce shi zai riƙa rabon ruwa, kowa da ranarsa, daga na farkon magudana har na can ƙarshe, wani bawan Allah mai 'ya'ya da yawa da ba shi da abin dogaro sai wannan lambun. Rabo yana tafiya lafiya, sai surukin mai rabon, uban matarsa, wanda lambunsa ke farko, ya fara fasa bakin magudana yana juya ruwa wajensa a ranar da ba tasa ba. Ba ma a ɓoye ba, da rana tsaka, yana waƙa. Mai rabon ya gani da idonsa. Ya ɗaura niyyar magana, ya nufi lambun. Da ya isa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai: ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafar nan? Ruwan mutane yana bi ta gefen gwiwarsa yana shiga lambun tsohon, shi kuwa yana ta jera gaisuwa. Ya tashi ya tafi bai ta da maganar ruwan ba. Bayan tsohon ya koma gida sai mai rabon ya lallaɓo da fartanyarsa ya toshe wurin da laka, yana ganin ya rufa asiri, ya yi ladabi. Gobe a fasa, jibi ya toshe. Kai, wannan mutum!

To, sauran ba makafi ba ne. Na kusa da tsohon ya ce in ana yi, shi ma ba a ƙafa aka ɗaura masa ba, ya fasa nasa. Na gaba ya bi. Mai rabon ba shi da bakin tsawata wa kowa, don wanda ya taɓa sai ya nuna masa lambun surukinsa da leɓe. Ruwa ya daina isa ƙarshe. Dashen bawan Allahn nan ya yi yaushi, ya kwanta, ya bushe ƙurmus, ƙasar ta tsattsage kamar faso. Ya zo ya tsaya gaban mai rabon, bai zage shi ba, cewa kawai ya yi: "Amana muka ba ka, sai mu haɗu gaban Allah." Da aka taru don a sauke mai rabon, ka san wa ya fara ɗaga murya? Surukin nan. Ya gyara hula ya ce, "Ni dama na san yaron nan ba zai iya riƙon jama'a ba. A gabansa ake ɓarna, bai taɓa buɗe baki ba."

Ni ban hana ka girmama na gaba ba, da kunya na raine ka, kuma tana cikin imani. Amma wadda za ka yi da haƙƙin wani ba kunya ba ce, tsoro ne ya ari rigarta. Ranar hisabi kai za a tambaya, kai aka ba riƙon. Ka je wurin mutumin nan da kake ƙorafinsa ka gaishe shi, ka durƙusa in kana so, sa'an nan ka ɗago kai ka faɗa masa gaskiya. Tun kafin a haife ka magabata suka gama maganar: kunyar mara kunya asara ce.