Gwiwa a Ƙasa

Gwiwar ɗan damben na taɓa ƙasa, Kawu ya miƙe ya ɗau hularsa.

"Shi ke nan, an yi kisa. Rufe abin nan mu je mu ci abinci."

Tsohon fim ne marar magana, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka shirya da kansu kusan shekara ɗari da ta wuce. A jami'armu ta nan Guangzhou, a ƙasar Sin, aka ba mu shi mu nazarta. Na ɗauko kwamfutata har shagonsa na jakunkuna a Shiling, can gefen birnin, don na san Kawu ya yi dambe da ƙuruciya. A fim ɗin, 'yan caca sun ce wa saurayin ɗan damben ya faɗi da gangan, ko su ƙone gidan uwarsa.

A damben gida, gwiwa ta taɓa ƙasa an gama. Haka ta faru da Kawu a Kano, a gaban makaɗinsa da yarinyar da yake so. Tun ranar bai sake ɗaure hannu ba, zuwa gida ma sai ya zama dole.

"Kawu, zauna," na ce. "Su nasu ƙirgawa ake yi, har goma."

Ya tsaya da hula a hannu. Alƙalin wasa yana ta ɗaga yatsu, sai saurayin ya kama igiya ya miƙe.

Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"'Yata," ya ce a hankali, "ashe akwai inda ake jiran mutum ya tashi."