Tukwanen Tsohuwa da Aka Tsallake

Tunda ka ce kowa ya share ƙofar gidansa magana ta ƙare, bari in ba ka misalin wata unguwa. Mutanenta ba malalata ba ne, abin da ba kowace unguwa za a faɗa wa haka ba. Da damina ta sauka, ma'aikatan lafiya suka zo suka ce musu zazzaɓin denge ya shigo gari, kuma sauron da ke kawo shi ba ruwansa da kwata. Ruwa mai kyau yake so, wanda ya kwanta a randa ko gwangwani ko tsohuwar taya, kuma da rana tsaka yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe. Mai unguwa ya kira gayya, aka kuwa fito, har da waɗanda a al'ada ciwon baya ke kama su ranar aiki. Aka bi gida gida ana kifa kwanuka, ana rufe randuna, ana cike ramuka da ƙasa. Gida ɗaya aka tsallake, na wata tsohuwa maginiyar tukwane da ke zaune da jikarta. Tsohuwar nan ungozoma ce kuma, ita ta yanke cibiyar rabin magidantan da ke riƙe da shebur a ranar. Ƙarfinta ya ƙare, ta daina kai kaya kasuwa, tukwanen da ba ta sayar ba suna jere a bayan ɗakinta, bakinsu a buɗe yana kallon sama. Da aka iso ƙofarta sai kowa ya tuna da kunya. Wa zai shiga gidan matar da ta yi masa wankan farko ya ce mata gidanta na da gyara? Aka gaishe ta daga soro, aka tambayi ƙafa, aka wuce. Wasu ma sun koma gida suna jin daɗin irin tarbiyyar da suka nuna.

Sauro dai ba a yi masa tarbiyya ba. Ba a jima ba zazzaɓin ya fara zagaya unguwar da ta fi kowace tsabta, wadda kuma ta fi jin jiki ita ce jikar tsohuwar. Jiki kamar garwashi, gaɓoɓi kamar ana sara, ko buɗe ido ba ta iyawa don ciwo. Aka kwantar da ita a asibiti, likita yana magana a hankali, irin maganar da ba ta kwantar wa kowa da hankali. Mai unguwa ya je yi wa tsohuwar jaje, wannan karon ya shiga har tsakar gida. Ya leƙa tukunya ɗaya ya ga ruwan sama garau, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Ya leƙa ta biyu, bai ga amfanin leƙa ta uku ba. Ya durƙusa yana neman ta inda zai fara, tsohuwar ta riga shi. Ta ce, "Ɗan nan, ai na ji shelar da kunnena. Na gwada kifa su, hannu ya ƙi. Ranar gayya na share tsakar gida, na dama fura ina jiranku. Da na ji kun wuce, sai na ce to, an yi ni an gama, ba a lissafa ni cikin mutane." Su sun yi shiru don girmamawa, ita ta yi shiru don kada a ce tsohuwa ta cika roƙo, shirun biyu kuma ya ishi sauro ya yi iyali. A yinin nan aka kife tukwanen, aikin bai kai tsawon gaisuwar da aka yi mata daga soro ba. Yarinyar ta tashi da ƙyar, ta daɗe tana bin bango kafin ƙafarta ta ɗauke ta. Tsohuwar ba ta zargi kowa ba, abin da ya fi zargin zafi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.