Allon Bayan Keke

Mushe, malamin ajin, ya turo masa takarda da tawada kamar yadda ya turo wa sauran iyaye. "Malam, dangwala yatsa nan, shaidar ka karɓi sakamakon yaranka."

"Ba ni bik," in ji mutumin, yana nuna alƙalamin Mushe.

Aka yi dariya daga bayan aji. Kowa ya san shi. Manomi ne da bai taɓa zama a benci ba, wanda kullum da sassafe yake tuƙo keke daga ƙauyensu zuwa lakwal, makarantar Hawandawaki, ƙaramin ɗansa a gaba, ɗiyarsa a baya. Inda rairayi ya yi zurfi sai ya sauka ya tura su. Shekara biyu ke nan ba su yi fashi ba, ko ranar da ƙaya ta huda taya.

Ya damƙi bik ɗin kamar ƙotar hauya. Harafin farko ya karkace, na biyu ya miƙe. Bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen sunansa.

Mushe ya duba takardar sau biyu. "Babu kuskure. Wa ya koya maka?"

Ya nuna ɗiyarsa, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Ga malamata nan. In muna tafe a keke, abin da kuka rubuta musu a allo shi take rubuta mini da yatsa a gadon baya. In na kuskure ta goge da tafin hannu. In na faɗi daidai, ƙanenta ya buga ƙararrawa."