Gangunan Kwarin Gishiri

Kwana uku ke nan motar gishirin ba ta iso ba, kuma mijin 'yar tsohon jagora ne ke tuƙa ta. Da masu nema suka taru a tasha, tsohon ne ya fara hawa gaban mota, tun ba a roƙe shi ba.

Kwarin nan wai tafki ne a da, har kifi ake kamawa. Yanzu kam fari fat yake, shimfiɗe kamar tabarma, tafiyar yini biyu ba tudu ba itace, balle kwalta. Tun da motoci suka karɓe aikin raƙuma aka jera tsofaffin gangunan mai cike da yashi, kana barin ɗaya kana hango ta gaba. Direban da ya rasa ganga, to, sai dai addu'a.

'Yar ta riƙe ƙofar motar. "Baba, jarkar ruwa biyu kacal ya tafi da su. Ka dawo min da shi."

Bai iya kallonta ba.

A hanya direbansu ya yi ta zuba, wai bai wuce faci ba. Tsohon kuwa ganguna yake ƙirgawa. Suna wuce ta sittin ya ce a sassauta.

"Haba Baba, ai da saura!"

"Na ce ka sassauta."

Gabansu ba ganga, fili kawai. Sawun taya ya karkata hagu, inda gishirin ɓawo ne a sama, taɓo a ƙasa. Can suka tarar da motar ta nutse har ƙofa. Surukin kuwa ya taka da ƙafa, ya yi nisa, kafin ƙishirwa ta kayar da shi.

Da suka dawo da gawar, gida ya cika. Ana tsine wa ɓarawon ganguna, ana yabon tsoho: wallahi mutumin nan ƙasa magana take masa, ko dube-dube bai yi ba! 'Yar ba ta ce komai ba sai "Allah ya isa".

Masu wankan gawa suka nemi ruwa. Ya hana kowa taɓa guga, ya nufi rijiyar tsakar gida da kansa. Ya zura shi, gugan na sauka yana gogar ganguna biyar ɗin da ya kwaso watan jiya, ya fafe su ya jera a ciki don kada yashi ya rufta masa rijiya, yana cewa ai kowa ya san hanya.