Tsohon Nas da Katunansa

Kin ce shekarunki sun kusa hamsin, yatsunki biro suka sani, kuma kina jin nauyin zama aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanki don koyon kwamfuta. To, gyara zama ƙanwata, in ba ki misali da wani mutum da na yi aiki a ƙarƙashinsa.

Tsohon nas ne a wani ƙaramin asibitin karkara mai ɗaki huɗu, da bishiyar durumi a tsakar gida inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. Ya fara aiki tun zamanin da ake dafa sirinjin gilashi a tukunya kan risho, a ciro shi yana tururi. In ya riƙe wuyan hannun mutum yana duban agogon da ke maƙale a ƙirjinsa, ɗakin kan yi tsit har ya gama ƙirga bugun jini. Kowane maras lafiya yana da katinsa na kwali a cikin wani dogon kabad na katako, kuma yawancinsu shi ya rubuta da hannunsa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya aka kawo mana kwamfuta, aka ce daga yanzu a cikinta za a riƙa shigar da bayanin marasa lafiya. Ranar farko ya danna wani maɓalli, duk abin da aka rubuta tun safe ya ɓace. Wasu suka juya baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Mun ɗauka zai bar mana ita ne kawai, don babu mai iya tilasta masa. Amma washegari bayan la'asar, da layi ya watse, sai ya jawo kujera kusa da ni, ni ɗin da shi da kansa ya koya wa neman jijiya, ya ce, "Malama, yau ni ne ɗalibi. In na yi kuskure ki faɗa mini, kada ki duba girma." Da yatsa ɗaya ya fara, leɓɓansa na motsi yana neman haruffa. Abin da na nuna masa yau, gobe sai ya sake tambaya, bai taɓa jin kunyar maimaitawa ba. Da hannunsa ya ɗan faɗa, ya ce shi ba zai yi atisaye da sunayen ƙarya ba. Ya riƙa ɗebo tsofaffin katunan nan goma-goma kullum yana shigarwa, har ƙananan bayanan da ya rubuta a gefensu. Aka ce masa wahalar banza ce, wasu masu katin ma sun rasu. Shi dai murmushi kawai yake yi. Wani lokaci ya tsaya da kati a hannu ya ba ni labarin mai shi: wannan a kan jaki aka kawo shi shekarar ƙyanda, wannan a gabansa aka haife ta, yanzu ita ma ta yi jika. Sai da ya kai kati na ƙarshe kafin ya ajiye aiki.

Daminar da ta biyo baya iska ta yaye kwanon ɗakin ajiya. Katunan suka jiƙe suka manne da juna, tawada ta zube, abin da ya rage gara ta cinye. Na tsaya a gaban kabad ɗin nan na yi hawaye. Bayan wata uku aka kawo wani manomi daga ƙauye, fartanya ta sare shi a ƙafa, ciwon ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi har bai san inda kansa yake ba. Matarsa ce ta rako shi, aka tambaye ta ko akwai maganin da ba ya karɓarsa, ta ce ita ba ta taɓa ji ba. Likita ya rubuta allura, na riga na zuƙe ta a sirinji, sannan na buga sunan mutumin da na ƙauyensu don in shigar da ita. Sai ga jan rubutu ya fito: shekara goma sha takwas da suka wuce, tun yana saurayi, an yi masa irin wannan allura a nan, maƙogwaronsa ya kumbura, da ƙyar aka ceto numfashinsa, kada a kuma. Na ajiye sirinjin na kira likita, aka canza magani. Kwanansa tara ya koma gida da ƙafarsa.

Ranar Juma'a na je na sami tsohon a zaurensa na ba shi labari. Tun kafin in gama ya faɗi sunan mahaifin mutumin, ya ce a wancan karon ranar kasuwa ce aka kawo shi, yana tunawa. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe zaman nan da muka yi bai faɗi ƙasa ba."

Don haka ki je ajin nan, ƙanwata, ki zauna a gaba, ki yi ta tambaya. Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata, kuma abin da kika tara a shekara ashirin da biyar a bakin gadon marasa lafiya shi take jira. Hausawa sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.