Ledar Gonar Baba

Ina 'yar firamare, wani yammaci gab da faɗuwar damina, na kai wa Baba fura gonarmu ta Gozaki. Takin da aka kawo masa daga jujin Malumfashi cike yake da baƙar leda. Na tarar da shi a sunkuye, yana zaro ta ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a buhu, hannunsa duk warin ruɓa.

Malam Sule, maƙwabcinmu na gona, ya tsayar da kekensa.

"Malam Ado, kai kaɗai za ka tsince ledar duniya?"

Baba bai ɗago ba. "Malam Sule, ƙasa ba ta cin abin da ba ta haifa ba."

Malam Sule ya yi dariya ya wuce. Kafin Baba ya shanye furar, iska ta taso daga gonar Malam Sule, ta watso ledoji daidai inda aka gama tsincewa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ajiye ƙwaryar, ya sake sunkuyawa.

Har ya rasu bayansa bai miƙe ba. Yau in baƙo ya tambaya 'yar wa ce ni, sai a ce, "'Yar Ado Leda," a kwashe da dariya. Ban taɓa taya su ba.